Ba a Wanke Allo Sai Karatu Ya Zauna: Tsara Manhajar Ɗan Aji Huɗu zuwa Shida a Gida

Idan uwa ta yanke shawarar karantar da ɗanta a gida, abin da takan fara yi shi ne ta aika a sayo mata littattafan ajinsa. Yaro ɗan aji biyar ne, don haka a sayo na Turanci na aji biyar, na lissafi na aji biyar, na kimiyya, na zamantakewa, har da na Faransanci, a jere su a kan tebur. Sati biyu ana ta zumuɗi. A sati na uku uwa ta fara ɗaga murya, yaro ya fara ciwon ciki kowace safiya, kafin wata ya cika littattafan sun koma cikin kwali. Na ga haka a gida fiye da ɗaya, ciki har da gidan ƙanwata, kuma a kowanne tushen matsalar ɗaya ne: an sayi littafi kafin a san inda yaron ya tsaya.

Abin da ke sa mutanenmu riƙe yaro a gida ba iri ɗaya ba ne. Wasu sun fara ne a Maris na 2020, lokacin da korona ta rufe makarantun ƙasar nan wata da watanni. Wasu tsoro ne ya sa su, bayan sace ɗalibai a Ƙanƙara a Disamban 2020, da Kagara da Jangebe a Fabrairun 2021, lokacin da jihohi suka riƙa kulle makarantu. Akwai wanda kuɗin makarantar kuɗi ya fi ƙarfinsa, ta gwamnatin da ke kusa kuma ba ta kwanta masa ba. Akwai mai yaro mai cutar sikila da yake rasa rabin zango a asibiti. Akwai kuma wanda ya ware wa ɗansa shekara biyu don haddar Alƙur'ani, amma ba ya son boko ya tsaya cak. Kowanne da irin tsarin da zai dace da shi, sai dai tambayoyin da za su amsa kusan ɗaya ne.

Kafin a kai ga manhaja, akwai maganar doka, kuma bai kamata a tsallake ta ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta UBE ta 2004 ta wajabta wa uba ko mai riƙo ya tabbatar yaronsa ya yi firamare da ƙaramar sakandare, shekara tara ke nan, ta kuma tanadi gargaɗi a karon farko, sannan tara ko ɗauri ga wanda ya maimaita. Ba ta ware wani babi na karatun gida ba. Wannan ya bambanta da Amurka, inda duka jihohi 50 suka halatta shi, kowace da ƙa'idojinta, ko Ingila, inda doka ta yarda yaro ya samu ilimi a makaranta ko ta wata hanya. Jamus kuwa ta hana. Mai karanta shawarwarin Amurkawa a intanet ya tuna cewa su doka ta san da zamansu. Shawarata ga mutumin Kano ko Gusau ita ce kada ya yanke igiya da makaranta gaba ɗaya. Ya je ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukumarsa ya faɗi halin da yake ciki, ya kuma nemi wata makaranta da za ta riƙa yi wa yaron jarrabawar ƙarshen zango. Amfanin wannan zai fito daga baya.

Me ya sa aji huɗu zuwa shida ya fi wuyar tsarawa a kan na ƙasa da shi? Saboda a nan ne aikin yake juyawa. A aji ɗaya zuwa uku yaro yana koyon yadda ake karatu. Daga aji huɗu ana sa ran ya riga ya iya, yanzu da karatun zai riƙa ɗebo wani ilimin: a ba shi shafi a kan yadda jini ke zagaya jiki, ya karanta, ya fahimta, ya amsa tambaya. A nan ne kuma tsarin da aka daɗe ana bi a Najeriya ya riƙa sauya harshen koyarwa daga harshen uwa zuwa Turanci, ko da yake gwamnati ta sha taɓa wannan manufa a 'yan shekarun nan. A lissafi ma a nan ake barin cikakkun lambobi a shiga rabi da sulusi da ɗigo da kaso cikin ɗari. Yaron da ya zo wannan gaɓa da rauni a tushe yakan iya ɓoye shi a aji mai mutum sittin. Yana kwafe abin da aka rubuta a allo da kyakkyawan rubutu, yana amsa amshi tare da jama'a, ana ciyar da shi gaba duk shekara. Bankin Duniya da abokan aikinsa sun ƙiyasta a 2022 cewa kusan kashi 70 cikin ɗari na yara 'yan shekara goma a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin arziki ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi. Da yawansu suna zuwa makaranta kullum.

Don haka satin farko na karatun gida ba na koyarwa ba ne, na aunawa ne. Kuma akwai hanya mai sauƙi da aka gwada a kan yara masu yawan gaske. Wata ƙungiya a Indiya mai suna Pratham ta ɓullo da tsarin koyar da yaro daidai matakin da yake, ba daidai lambar ajinsa ba, aka kuma gwada shi a Kano daga 2019 a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa, a kan 'yan aji huɗu zuwa shida ɗin nan da muke magana. Gwajin nasu uwa za ta iya yin irinsa a tsakar gida. A ba yaro ɗan sakin layi mai jimla huɗu. Idan ya karanta ba gargada, a ba shi labari mai tsawo a tambaye shi abin da ya faru da dalilin faruwarsa. Idan ya kasa sakin layin, a koma kalmomi ɗaiɗai. Idan ya kasa, a koma haruffa. A yi wannan da Hausa, a sake yi da Turanci, don sau da yawa sakamakon biyu yakan yi hannun riga. A lissafi a fara da gane lambobi, sai ɗebewa mai aro irin 52 a cire 27, sai rabawa irin 87 a raba gida 4. Inda ya tsaya, nan ne ajinsa na gaskiya a wannan darasin. Yana iya zama ɗan aji biyar a karatun Hausa, ɗan aji uku a Turanci, ɗan aji biyu a rabawa. Ba abin kunya ba ne, kuma kada a nuna masa ɓacin rai a fuska. 'Yar ƙanwata da ake ce wa tana cikin goman farko a ajinsu, a kan ɗebewa mai aro ta tsaya. Mahaifiyarta ta yi kuka a ɗaki, washegari ta kawo tsinken tsintsiya ta ɗaure su goma-goma, aka fara daga nan.

Mu Hausawa muna da abin da za mu jingina da shi a nan, don ba baƙon tsari ba ne a wurinmu. A makarantar allo ba a wanke wa yaro allo don Laraba ta yi, sai ya biya karatunsa ya zauna. A zaure ma ɗalibi ba ya tashi daga Ahalari zuwa Ishmawi don shekara ta ƙare, sai malam ya gamsu. Kowa da inda yake, ba wanda ake ja don ya cimma wani. Makarantar boko ba za ta iya yin haka ba saboda yawan yara da ƙa'idar zango. Gida zai iya, kuma wannan ne babban abin da gida ya fi aji da shi. Duk uwar da ta ɗauko jadawalin makaranta ta dasa shi a falonta, tana gudu don ta gama littafi kafin hutu, ta yar da wannan damar da hannunta.

Wannan ba ya nufin a yi watsi da manhajar gwamnati. Hukumar NERDC ce ke tsara manhajar ilimin matakin farko ta ƙasa, ta raba shekara taran gida uku: aji ɗaya zuwa uku, aji huɗu zuwa shida, sai ƙaramar sakandare. A nemi kwafin wadda ake aiki da ita yanzu, don ana yi mata kwaskwarima lokaci zuwa lokaci, ko a roƙi wani malamin firamare ya ba da tsarin aikin zango-zango da suke bi. Ita ce za ta nuna abin da ake tsammanin yaro ya sani kafin ya bar aji shida, kuma daga cikinta ake fitar da jarrabawa. Amma darussan cikinta sun kai goma ko fiye, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. A ganina uku ne ba a taɓa su kowace rana: karatu, rubutu, lissafi. Su za su ci kashi biyu cikin uku na lokacin. Kimiyya da tarihi da sanin ƙasa su zo sau biyu ko uku a mako. Sauran, irin su noma da kula da gida da zane, rayuwar gidan ce za ta koyar da mafi yawansu idan an sa niyya. Faransanci kuwa, idan ba wanda ya iya shi a gidan, gara a bar shi da a koya wa yaro karyayyen furuci, sai fa mutanen kan iyaka irin na Maigatari ko Illela da ke da maƙwabta masu jin sa.

Maganar harshe ita ce inda iyaye suka fi yin gardama da ni. Da yawa suna ganin duk mintin da aka kashe a kan Hausa an sace shi ne daga Turanci. Akwai hujja a kan akasin haka daga cikin ƙasar nan. Daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa a Jami'ar Ife sun yi gwajin koyar da yara dukan darussan firamare da Yarbanci tsawon shekara shida, ana koya musu Turanci a matsayin darasi mai zaman kansa. Yaran ba su yi baya a Turanci ba, a wasu darussan ma sun fi takwarorinsu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Fahimtar labari, gano babbar magana a cikin sakin layi, hasashen abin da zai biyo baya, duk ƙwarewa ce da yaro ke koya sau ɗaya, ya ɗauke ta zuwa kowane harshe. Ya fi sauƙin koyonta a harshen da yake mafarki da shi. Saboda haka sabon abu mai wuya a fara bayyana shi da Hausa har ya zauna, sannan a ba shi sunansa na Turanci, a sa yaro ya rubuta shi da Turancin, tun da da shi za a yi jarrabawa.

A aikace, karatu yana bukatar abu uku kullum. Na farko, babba ya karanta wa yaro da murya littafin da ya ɗan fi ƙarfinsa. Iyaye kan daina wannan da zarar yaro ya iya haɗa baƙi, kuma kuskure ne, don ta kunne yake tara kalmomin da idonsa bai kai gare su ba tukuna. Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, da aka buga a ƙarshen shekarun 1930, har yau tana riƙe ɗan shekara goma, kuma littattafai uku ne, za su daɗe ana sha. Na biyu, yaro ya karanta da kansa abin da yake daidai ƙarfinsa, minti ashirin, shiru. Na uku, a rufe littafin ya ba da labarin da bakinsa. Wata malama 'yar Ingila, Charlotte Mason, wadda ta rasu a 1923, ta gina tsarinta a kan wannan maimaitawar, kuma masu karatun gida a ƙasashen Turawa har yanzu suna bin ta. Mu kuwa yaron da ya tashi yana jin tatsuniya yana mayar wa ƙannensa ya riga ya san aikin. Idan ya iya mayar da labari a jere, da farko da tsakiya da ƙarshe, ya fahimta. Idan ya kama tsakiya ya saki, a rage tsawon abin da ake karantawa kafin a tsaya.

Rubutu daga nan yake tsirowa. Abin da ya faɗa da baki yau, gobe ya rubuta shi a jimla biyar. A riƙa yin shifta sau biyu a mako, da Hausa da Turanci, a kula da ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ, don yaran yanzu a waya suke ganin rubutun Hausa, inda kowa ke yar da su. Kafin ya gama aji shida ya kamata ya iya rubuta wasiƙa ga kakarsa, da wasiƙar neman izini ga shugaban makaranta, da insha'i mai sakin layi uku. Wajen gyara, kada a cika takardar da jan biro. A zaɓi kuskure iri ɗaya a wannan makon, a bar sauran zuwa lokacinsu.

Lissafi shi ne darasin da ya fi tsoratar da iyaye mata, kuma shi ne wanda gidan Bahaushe ya fi cika da kayan aikinsa. Jadawalin ninkawa har zuwa sau 12 sai an haddace shi, ba makawa, kuma yaron da ke hadda kullum ba zai sha wuya ba. Amma babban dutsen da ake tuntuɓe da shi a waɗannan azuzuwan shi ne lissafin ɓangarori. Yaro yana ganin 1/8 da 1/4 ya ce na farkon ya fi girma saboda takwas ta fi huɗu. Ba a gyara wannan da bayani a takarda. A kawo buhu mai kwano 40, ko a ƙaddara shi da tsakuwa 40. Rabinsa kwano 20, rubu'insa 10, humusinsa 8, sumuninsa 5, ushurinsa 4. Yaro ya raba da hannunsa ya ga tsibin sumuni ya fi na rubu'i ƙanƙanta. Harshenmu yana da sunan kowane ɓangare, kuma yaro zai ci karo da su a Islamiyya a babin gado: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi, sudusi. Kaso cikin ɗari ma yana nan a zakka. Ɗaya cikin arba'in na dukiya shi ne 2.5 cikin ɗari, ushurin amfanin gonar damina shi ne 10 cikin ɗari, na ban-ruwa da aka sha wahalar shayarwa rabin haka. Da zarar ya gane cewa rubu'i da 0.25 da kashi 25 cikin ɗari abu ɗaya ne da riga uku, rabin aikin aji biyar da shida ya ƙare. Tsarin lissafin da Singafo ta yi suna da shi ma a kan wannan tsanin yake: abin taɓawa da hannu, sannan zane, sannan lamba.

Riba da faɗuwa kuma a bakin ƙofa suke. A ce an sayo buhun nan mai kwano 40 a kan naira 60,000, an biya 2,000 na mota da dako, an sayar da kowane kwano 1,705. Nawa aka samu, nawa ne ribar, kashi nawa ce cikin ɗari na abin da aka kashe? Yaron da ya warware wannan da kansa, ya ga 68,200 ya cire 62,000 ya samu 6,200, ya gano kashi goma ne, ba zai firgita da tambayar jarrabawa ba. Faɗi da tsawo a auna su da tef a ɗakin kwana, a lissafa tayil nawa zai ci. Abin da zan ja kunne a kai shi ne kada wannan ya maye gurbin atisaye a takarda. Bayan an gane, sai an yi tambaya goma ko goma sha biyar kullum, ana cakuɗa na yau da na makon jiya da na watan jiya, don abin da ba a waiwaya ba yana gudu.

Kimiyya ba ta bukatar ɗakin gwaji a wannan matakin. A shuka wake a gwangwani biyu, ɗaya a rana ɗaya a ƙarƙashin gado, yaro ya riƙa aunawa yana rubutawa kullum. A kafa sanda a tsakar gida a bi inuwarta daga hantsi zuwa la'asar. A bi wata daga jinjirinsa zuwa cikarsa ana zanawa. A tambaye shi me ya sa ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi, a bar shi ya yi ta hasashe kafin a kai shi ga yadda ruwan da ke tsatsowa ta jikin yumɓu yake tafiya da zafi idan ya bi iska. Daga nan a ba shi labarin Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, wanda ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya samu kyautar Rolex a 2000. Sai a haɗa irinta a gida a sa tumatir a ciki, a ajiye wani a waje, a ga wanne zai riga lalacewa. Abin da ake nema shi ne yaro ya saba da tambaya, da gwadawa, da rubuta abin da ya gani ko da ya saɓa wa abin da ya zata.

Tarihi da sanin ƙasa a fara su daga unguwa a faɗaɗa. Ya zana taswirar hanyar gidansu zuwa masallaci ko kasuwa, sannan ƙaramar hukuma, sannan jiha, sannan jihohi 36 da Abuja, da inda Neja da Binuwai suka haɗu a Lakwaja. A liƙa doguwar takarda a bango a riƙa sa shekaru: 1804 (jihadin Shehu), 1903 (cin Kano da Sakkwato da Turawa suka yi), 1914 (haɗe Kudu da Arewa), 1960 ('yancin kai), a tsakaninsu a sa shekarar haihuwar kakansa, don ya ji tarihi ya taɓa gidansu. Wanda ke Kano ya kai shi Gidan Makama da Dala da marinar Ƙofar Mata, na Katsina Gobarau, na Daura rijiyar Kusugu. Yini ɗaya a irin waɗannan wuraren, idan ya dawo ya rubuta abin da ya gani, ya fi babi uku na hadda.

Karatun addini galibi yana da wurinsa, Islamiyya da yamma ko makarantar Lahadi ga iyalan Kirista, kuma ina ganin kada a janye yaro daga can. Ban da ilimin, can ne zai zauna da sa'o'insa, ya jira layi, ya ji muryar malamin da ba mahaifiyarsa ba, a yi masa ba daidai ba ya koyi yadda ake kai ƙara. Yaron da aka killace daga boko da Islamiyya da wasan ƙofar gida gaba ɗaya an rage masa wani ilimi da ba littafin da ke ɗauke da shi.

Batun lokaci ya fi sauƙi a kan yadda ake zato. Awa shida ta makaranta ta haɗa da taron safe, da kiran suna, da jiran malami, da tsawatar da masu surutu. Mutum ɗaya da yaro ɗaya, awa biyu da rabi zuwa uku sun isa. Bayan karatun asuba da karin kumallo, a zauna daga takwas da rabi zuwa sha ɗaya da rabi, kowane darasi kada ya wuce minti talatin, a fara da lissafi tun ƙwaƙwalwa na da sanyi. Shekarar makaranta zango uku ce, kowanne mako goma sha biyu zuwa sha uku, amma gida ba dole ya bi haka ba. Na fi son a yi mako shida ana sabon karatu, na bakwai a yi bita da gwaji, sannan a tsara shidan gaba bisa abin da gwajin ya nuna. Kada a rubuta jadawalin shekara guda daki-daki tun farko, ba zai rayu ba. A san da zuwan azumi a rage nauyi, a san da zafin Afrilu a matso da zama da sassafe, mai gona ya san damina za ta ɗauke yaro wasu ranaku.

Kayan intanet suna da amfani idan an san iyakarsu. Khan Academy, makarantar intanet mai darussan bidiyo, kyauta ce, kuma bayanin lissafinta yana ceton uwar da ta manta yadda ake raba ɓangare da ɓangare. Ta kalla da dare, ta koyar da safe. Amma manhajojin karatun gida da ake tallatawa galibi na Amurka ne, da dala da inci da tarihin shugabanninsu. Wanda ya sayi ɗaya ya haɗa da ta NERDC yana son gama duka biyun zai gane taura biyu ba ta taunuwa. A riƙe ta gida a matsayin ginshiƙi, a ɗebo daga waje abin da ya cike giɓi kawai. Kuma kada a miƙa wa ɗan shekara goma waya a fita a ce yana karatu.

Akwai abin da ke damuna fiye da zaɓen littafi, shi ne 'ya mace. Yarinyar da ke gida da safe ita ce mafi kusa da hannu idan jariri ya yi kuka, ko gawayi ya ƙare, ko baƙi sun zo. Yau a ce ta ɗan riƙe ƙaninta, gobe a aike ta kai niƙa, kafin a ankara karatun gida ya zama suna kawai, ta koma 'yar aiki a gidan ubanta, wataƙila har da talla. Awa ukun nan sai an kare su kamar yadda ake kare lokacin salla, kuma maigida ne ya kamata ya tsaya a kan haka, ya gaya wa dangi da maƙwabta cewa daga ƙarfe kaza zuwa kaza ba a aiken wance. Mace ta koyar a cikin gida ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Nana Asma'u 'yar Shehu ta tsara jajis da 'yan taru suna kai ilimi ga mata har ƙauyuka tun ƙarni na 19. Amma ita tsari ta yi, da mutanen da aka ɗora wa nauyi. Uwar da ke da goyo da girki da sana'a ta faɗa wa kanta gaskiya game da abin da za ta iya ɗauka. Idan lissafin aji shida ya fi ƙarfinta, a ɗauki malamin lesin sau uku a mako, amma a ba shi tsarin da aka yi da sakamakon gwajin, kada a bar shi ya buɗe littafi daga shafi na ɗaya.

Daga ranar farko a sayi fayil. Duk mako a sa aikin yaro guda biyu ko uku masu kwanan wata, da sunayen littattafan da ya karanta, da makin gwajin mako na bakwai. Wannan ne shaidar da za a nuna wa shugaban makaranta ranar da za a mayar da shi, ko jami'in ilimi idan ya tambaya, kuma shi ne zai kwantar wa uwa hankali ranar da ta ji kamar ba a ci gaba, idan ta ɗora rubutun watan Muharram kusa da na Rajab. Mafi yawan masu karatun gida a nan suna da niyyar yaro ya shiga sakandare, don haka a san ƙofar da za a bi tun yana aji biyar, ba a fafe gora ranar tafiya. Idan makarantun sakandaren tarayya ake so, NECO ce ke shirya jarrabawar shigarsu, kuma ban da lissafi da Turanci da kimiyya da zamantakewa, tana da tambayoyin auna kaifin basira na lambobi da na kalmomi, waɗanda salonsu sai an saba da shi. A nemi tambayoyin shekarun baya, a fara yin su da agogo wata shida kafin lokaci, a koya masa cike takardar amsa da fensir, don yaron da bai taɓa zama a ɗakin jarrabawa ba yana iya sanin amsa ya shafa ta a layin da ba nata ba. A je ofishin NECO na jiha ko hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, da wuri a ji ƙa'idar shekaru da ta rajista ta wannan shekarar. Makarantar nan da aka ƙulla alaƙa da ita tun farko, a kai shi can ƙarshen kowane zango ya zauna a benci cikin yara, malamin da bai san shi ba ya duba takardarsa, a karɓo sakamakon a sa a fayil.